Aduwar da Ta Fita Layi

Idan mutum ya fita Agadez da sassafe ya bi gefen korin Telwa, rafin da ba ya kawo ruwa sai da damina, ta wajen duwatsu, kafin rana ta fara cizo amalanken jaki zai kai shi wani wuri da ake ce wa Filin Ramuka. Da can ba shi da suna, awaki ne kawai suka san shi. Zinariya ce ta raɗa masa suna, shekarar da wani makiyayi ya tsinci dutse mai ƙyalli a wurin. Gari ya ruɗe. Tela ya rufe kekensa, mahauci ya rataye wuƙarsa, kowa ya nemi diga da igiya ya nufi can.

Illo, mijin Tabawa, yana cikin waɗanda suka tafi. Magini ne, irin masu yaɓe soraye da laka kafin damina, mutum mai sanyin magana da yawan dariya. Abu ɗaya aka san shi da shi, aljihunsa ba ya rabuwa da aduwa. Ya ce tana gyara masa ciki. Zai ɓare ɗaya ya jefa a baki, ya yi ta tsotsa kamar yaro da alewa, in ta ƙare ya tofar da ƙwallon duk inda ya ga dama. Tabawa ta sha share ƙwallayen nan a tsakar gida tana mita, shi kuwa sai ya ce mata, "Ki daina zagin su, wata rana za ki sha inuwa."

Wata rana bayan azahar ramin da yake ciki ya rufta. Abokan aikinsa suka yi kwana da kwanaki suna tono, suna kwashe yashi yana komawa, har tafukan hannunsu suka fashe. Daga baya manya suka ce a bar wa Allah bawansa, kada a ƙara rasa wani. Aka yi masa salla a bakin ramin, aka kewaye wurin da duwatsu, shi ke nan kabarinsa. Tabawa ba ta je ba, don a garin nan mata ba sa bin gawa, ba sa shiga makabarta. Ba ta ga likkafani ba, ba ta ga makara ba. Takalmansa aka kawo mata, da rigar da ya tuɓe ya rataye kafin ya shiga, da aduwa a aljihu.

Bayan ta fita takaba ta roƙi Bahago, abokin Illo wanda suke aiki rami ɗaya, ya kai ta ta ga wurin ko daga nesa ne. Ya kai ta. Shi ya tsaya can baya ya juya fuska yana gyara rawanin da bai kwance ba, ita kuwa ta matsa kaɗan. A tsakanin duwatsu biyu ta ga wani ɗan tsiro mai ƙaya, bai kai tsawon tafin hannu ba, ganyensa bibbiyu. Ta gane shi, aduwa ce. Ba ta ce wa Bahago komai ba. Ta juye wa tsiron sauran ruwan butarta, suka koma gida.

Zinariyar ba ta daɗe ba, ta ƙare kamar yadda ta zo. Maza suka yi arewa zuwa Tchibarakaten, aka bar fili huje-huje kamar rariya. Bahago bai bi su ba. Ya ce ya gama shiga ƙasa da ƙafarsa sai ranar da za a ɗauke shi a kai shi, ya kafa teburin shayi a bakin kasuwa. Sai wata damina aka yi ruwa a duwatsu irin wanda tsofaffi suka ce sun manta rabonsu da shi. Kori ya cika ya tumbatsa, ya bi ta kan filin, ya kwashe bukkoki da tsummoki da duwatsun alama, ya cika yawancin ramukan da laka. Da ruwa ya janye, wuri ya zama shafe kamar faifai.

Bayan wannan ne mairi, wato hukumar gari, ta ba ƙungiyar matan unguwarsu Tabawa filin. Shugabarsu Zuwaira ce, ƙawar Tabawa tun suna 'yan mata, mace mai murya kamar kakaki, wadda in ta yi raɗa a zaure ana ji a bayan gida. Aka haɗa su da wata ma'aikaciyar gandun daji mai suna Kadidia, 'yar garin ce da ta yi karatu a Yamai ta dawo. Ranar farko ta tara su ta ce, "Iyayena, ƙasar nan ta sha zaiba wajen wanke zinariya. Ba za mu shuka abin da zai shiga tukunya ba. Amma abin da zai shiga ƙarƙashin tukunya, wannan za mu iya."

Zuwaira ta ce, "To ai shi ne ma ya fi ba mu wahala, ɗiyata. Hatsi in ka samu ka samu, itace kuwa sai ka bi jaki har ƙafa ta tsage."

Ranar nan Tabawa ba ta ji rabin abin da aka faɗa ba. Idonta yana yawo a fili, har ya tsaya can gefe a kan wata 'yar bishiya da ta kai mata ƙugu, ta karkace kaɗan, busasshiyar laka manne a ƙayoyinta. Duwatsun sun tafi, ita tana nan.

Suka fara aiki. Suka cike sauran ramuka, suka haƙa ƙananan ramuka masu siffar rabin wata a ƙasa don su tare ruwan sama. A ciki suka shuka afazo, ciyawar nan mai tauri da raƙuma ke so, da kandili da tamat, bishiyoyin ƙaya da ba sa tsoron ƙishi. Kadidia ta ja igiya don komai ya tafi a jere. Da igiyar ta zo kusa da aduwar, ta tsaya ta dube ta.

"Wannan ta fita layi," in ji ta. "Wa ya shuka ta?"

"Allah," in ji Tabawa da sauri. "Ki bar mini ita, in riƙa shan inuwa."

Kadidia ta yi dariya. "Inna, inuwar da ba ta ishi kaza ba? Bon, wanda ya riga mu zuwa ba a korar shi."

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, wata ta sake biyowa. Filin da aka san shi da ƙasa ja da ƙarar diga ya yi kore-kore. Tsuntsaye suka dawo, har zomo aka gani. Matan ba sa sare bishiya daga gindi. Reshe suke ragewa, su yanke afazo bayan ya zubar da iri, su haɗa da kwalfar goruba da suke tarowa a gari. Sai a cusa a gangar ƙarfe a kunna wuta a rufe, ya ci a hankali ba tare da ya zama toka ba. In ya huce a daka a turmi, a tankaɗe, a kwaɓa da kunun rogo da ɗan yumɓu, a matse a injin hannu, ya fito dunƙule-dunƙule a shanya a rana. Wanda ya ga matan nan da yamma sai ya rantse daga cikin murhu suka fito, haƙora da ido kawai ke fari, suna ta yi wa juna dariya.

A gari aka sa masa suna gawayin mata. Da fari an raina shi, aka ce wa ya taɓa ganin gawayi mai kama da ƙosai. Bahago ne ya fara zuba shi a furnon shayinsa, ɗan murhun nan na ƙarfe, ya ga ba ya tartsatsi, ba ya hayaƙi, kuma yana riƙe wuta har a sha kofi na uku. Daga teburinsa labari ya bazu. Masu tuya suka karɓa, masu gasa nama suka karɓa, matan gida suka huta da jiran masu itace daga daji.

Tabawa ta yi ƙiba a shekarun nan, abin da ba ta yi ba tun rasuwar. Tana son aikin, tana son ƙamshin afazo in an yanke, tana son hayaniyar daka. Amma abin da ya fi mata komai shi ne tsakar rana, lokacin da kowa ke neman wurin hutawa. Sauran mata rumfa suke shiga. Ita kuwa sai ta ɗauki butarta ta nufi aduwar, wadda yanzu ta wuce tsawon soro, ta shimfiɗa zane ta jingina da gindin. A nan take ba mai gidanta labari, a hankali, ba ta kama sunansa, don ko yana da rai ba ta taɓa kamawa ba. Ta gaya masa soron ɗaki ya fara yoyo kuma wanda ya yaɓe bai iya ba. Ta gaya masa akuya ta haifi biyu. Ta gaya masa Bahago ya yi furfura har a gira. In ta gama ta zuba wa gindin ruwa kaɗan, ta ɗan runtsa, ta tashi da ƙarfinta.

Matan suka sa ta gaba da tsiya. Zuwaira takan ɗaga murya daga rumfa, "Ku bar ta, ta tahi wurin angonta! Tabawa, ki gaishe shi, ki ce mun ce ya rage ƙaya!"

Ita kuma ta amsa, "Ya fi naki, ko ba komai ba ya minshari."

Sau da yawa Kadidia ta so a rage wa aduwar reshe, don ta ce babu itacen da ya kai ta gawayi mai kyau. Kullum Tabawa sai ta ce a bari sai baɗi. Aka yi ta bari.

Ana nan, wata safiya Tabawa ta kai wa Bahago buhun gawayi. Ta tarar da mutane a benci, cikinsu har da wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mai suna Chaibou, wanda ya daɗe a hanyar arewa bai san abin da gari ke ciki ba. Ya ɗauki dunƙule ɗaya yana juyawa.

"Bahago, mi ne ne wanga? Kashin raƙumi ka koma dafa mana shayi da shi?"

"Sha ka yi shiru. Gawayin mata ne, daga Filin Ramuka."

Chaibou ya tsaya da kofi a bakinsa. Ya sauke shi a hankali. "Filin Ramuka? Ba can ne rami ya rufe wani magini aka bar shi ciki ba? Subhanallahi! Ashe da itacen makabarta kuke dafa mana shayi?"

Bahago ya dubi Tabawa, ya dubi Chaibou, ya ce, "Kai dai bakinka ya fi motarka rashin birki. Ga matar marigayin nan tsaye."

Chaibou ya ji kunya, ya yi ta ba da haƙuri, ya yi wa mamaci addu'a. Amma kofin nan bai ƙarasa shi ba, kuma mutum biyu a bencin suka ajiye nasu. Magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa ta watse ta kai wurin masu tuya, kafin Juma'a ta shiga gidaje. Kowa ya san ba a ɗebo itace a makabarta a yi girki, ko da kuwa gari zai kwana da yunwa. Kuma kowa ya san mace ba ta taka makabarta. Buhuna suka fara taruwa a rumfa ba mai tambaya. Wasu mazan suka hana matansu zuwa filin. Turame suka yi shiru.

Zuwaira ta yafa mayafi ta tafi zauren Malam Inusa, limamin unguwa, dattijo mai haƙuri wanda ba ya yanke magana da gaggawa. Da ta dawo ta wuce gidan Tabawa kai tsaye, ta zauna a kan turmi tana huci.

"Ya ce mutum ɗaya ba ya mai da fili duka makabarta. In an san inda yake, a kewaye masa wurinsa, a bar masa abin da ya tsiro a kai, sauran fili gona ce. Amma in ba a sani ba, ya ce ba zai iya ce wa mutane su ci ba, ba zai iya ce mana mu yi ta takawa ba, don ko ina muka sa ƙafa wataƙila a kansa ne. Jibi zai je ya gani da idonsa, da Bahago." Ta numfasa. "Ni na san Bahago ba zai gane ba. Ruwan nan bai bar ko tsinke ba. Ke fa, ƙawata, ba a taɓa kwatanta miki ba?"

Tabawa tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ni da nake ɗaki ina takaba?"

Zuwaira ta ce haka ne, ta ba ta haƙuri don ta tayar mata da tsohon miki, ta tafi.

Tabawa ta ajiye faifan. Abin a fili yake gare ta kamar tafin hannu. In ta yi shiru, za a rufe filin, matan nan su koma bin jaki neman itace, bishiyoyin su zama na duk mai gatari. In ta faɗa, filin ya tsira, amma za a ja katanga a kewaye aduwar, a kira wurin da sunansa na gaskiya, kabari. Daga ranar ita mace ce a bakin makabarta, sai dai ta hango. Duk matan da ta sani da mazansu suka rasu, ba wadda ta san ko wane tudu ne na mijinta. Ita kaɗai Allah ya ba ta wannan, ta zauna kusa da nata kowace rana, ta jingina. Yanzu kuma da bakinta za ta mayar?

Washegari ta tafi filin ita kaɗai. Ba hayaƙi, ba daka, sai kukan kurciya. Ta zauna a gindin aduwar. Can ta ce, "Ka ji abin da ake ciki. Kai da ba ka son a yi rigima a kanka, ga shi gari guda ana yi." Iska ta kaɗa, 'ya'yan aduwa biyu suka faɗo kusa da ƙafarta. Ta tsince su ta ƙulle a bakin zane. Ta dubi layukan kandili da suka shuka da hannunsu, ta tuna yadda suka yi ta ɗauko ruwa a ka shekarar farko, da ranar da Zuwaira ta faɗa rami har wuya tana zagin zinariya da wanda ya gano ta. Ta yi murmushi ba ta sani ba.

Ranar da aka sa, Malam Inusa ya zo a amalanke da Bahago, Kadidia ta biyo su a babur ɗinta. Matan da suka samu izini suka tsaya a rumfa. Bahago ya shiga fili yana dube-dube. Ya je gabas ya tsaya, ya dawo yamma, ya hangi wani dutse ya ce daga nan suke ganin hasumiyar masallaci, sannan ya ce a'a, ba daga nan ba. Gumi ya jiƙa masa riga. Daga ƙarshe ya dawo ya durƙusa gaban liman.

"Allah gafarta Malam, ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Da ramuka nake gane wurin, yanzu kuwa daji nake gani. Matan nan sun ɓatar da ni."

Kadidia ta ce a takardun mairi ma ba a sa alamar wurin ba, don ruwa ya riga su zuwa. Malam Inusa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya buɗe baki ya ce, "To, jama'a, tunda haka ne..."

"Allah gafarta Malam."

Kowa ya waiwaya. Tabawa ce, ta fito daga rumfa ta durƙusa nesa kaɗan, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Mai gidana yana can, gindin aduwar can da ta fita layi. Bakin ramin yana gabanta kaɗan, wajen kudu. Na gan ta tun tana tsiro, a tsakanin duwatsun da aka jera masa, ranar da Malam Bahago ya kawo ni."

Zuwaira ta dafe ƙirji. Karo na farko a rayuwarta murya ta ƙi fita.

Malam Inusa ya ce, "Baiwar Allah, kin tabbata? Aduwa ai tana tsirowa ko ina."

Kafin ta amsa, Bahago ya miƙe ya nufi bishiyar, ya kewaya ta, ya tsaya ya hangi duwatsu, ya hangi gari. Sai aka ji ya fashe da dariya, dariyar da ta zo da hawaye.

"Wallahi nan ne! Malam, duba filin nan kaf, ka ga wata aduwa? Nan yake zama kafin ya shiga, ya yi ta tsotsa yana tofarwa, har muna ce masa, Illo, zinariya ka zo nema ko daji ka zo shukawa? Ashe mu ne wawaye. Mu muka haƙa rami, shi ya bar bishiya." Ya share fuska da bakin rawani, ya juyo wajen Tabawa. "Ke kuma, matar ɗan'uwana, shekara da shekaru kina kawo mini gawayi, ko ki ce mini uffan?"

"Da na ce, da ka gaya wa teburinka," in ji ta. Matan suka yi dariya, har da masu kuka.

Malam Inusa ya ce shaida biyu ta isa. Ya sa aka auna wurin da faɗi, don kada a kuskure, aduwar tana ciki. Ya ce abin da ke cikin da'irar nan na mamaci ne, ba a sara, ba a ƙonawa. Abin da ke waje halal ne kamar kowace gona, kuma shi da kansa zai faɗa bayan sallar Juma'a, kuma a kai masa buhu guda gidansa don mutane su ga hayaƙin, in ma yana da hayaƙi. Maza suka yi addu'a a tsaye, mata suka shafa daga rumfa.

A kwanakin da suka biyo, tsofaffin abokan Illo magina suka zo suka ja 'yar katangar dutse da laka, iya gwiwa, ba su karɓi ko ruwan shayi ba. Turame suka dawo da kiɗansu. Chaibou direba ya aiko a ɗora masa buhuna a kamiyo ya kai arewa, ya ce can ma ana shan shayi. Tabawa tana aikinta kamar kullum, amma da tsakar rana sai ta shiga rumfa tare da sauran. Ba wadda ta ƙara yi mata tsiyar ango. Zuwaira ta riƙa matsa mata a tabarma tana tura mata fura, ita kuma tana karɓa tana godiya, idonta yana waje.

Ranar da aka gama katangar Malam Inusa ya dawo ya duba aiki, bayan la'asar. Ya kewaya, ya ce ta yi. Yana shirin hawa amalanke sai ya ga Tabawa tsaye can nesa da butarta a hannu, kamar wadda ta manta inda za ta. Ya dube ta, ya dubi bishiyar. Rana ta karkata, inuwar aduwar ta tsallake katanga ta miƙe a ƙasa wajen gabas, doguwa, har ta kusa taɓa layin kandili.

Ya ce, "Bahago, magina sun yi aiki, amma ga wata aba ta tsere musu."

"Mi ke nan, Malam?"

"Inuwa. Mun kewaye kabari, mun kewaye itace. Ita kuwa ban san littafin da ya ce a kewaye ta ba. In ta fito waje, ta kowa ce." Ya hau amalanke ya gyara zama, bai ƙara duban kowa ba, ya ce wa mai jaki su tafi.

Tun daga ranar Tabawa ta sauya lokacin hutunta. Da tsakar rana, lokacin da inuwar ke tattare a gindin bishiya cikin katanga, tana rumfa ana shan fura ana gulmar gari. In la'asar ta yi, inuwar ta fito, sai ta ɗauki buta da zane ta je ta same ta. Ba ta jingina da gindin yanzu, da katangar take jingina ta waje, kuma ta ce wadda aka yaɓe da kyau ce, ko shi ba zai kushe ta ba. Daga nan take miƙa hannu ta zuba ruwan ta saman katanga.

'Ya'yan da suka faɗo waje kuwa tana tsince su a bakin zane. Ta kai wa Kadidia ta ce a tsirar da su a leda tare da na kandili. Kadidia ta ce, "Inna, waɗannan kam a layi za mu sa su."

"Sa su inda kike so, ɗiyata," in ji Tabawa. "Nasu reshen in sun girma a rage, a yi gawayi. Ke kika ce babu kamarsa."

Daga rumfa Zuwaira ta ɗaga murya, wadda ta dawo mata tuni. "Tabawa! Rana ta yi sanyi, angon naki ya fito zaure yana jira. Ki ce muna gaishe shi!"

"Zai ji da kansa," in ji Tabawa, tana ɗaukar butarta. "Wa ke cikin ƙasar nan da bai ji ki ba?"